Maganin Rage Ƙiba: Me Ke Faruwa Ranar Da Aka Daina Sha?

Duk wanda ke zagaya kasuwannin wannan yanki namu, tun daga Dougoï a Marwa zuwa babbar kasuwar Garwa, ko ya tsallaka Mubi da Yola, ko ya bi ta Kuseri da Mbaimbum, ya san cewa a 'yan shekarun nan wata sabuwar haja ta samu gurbi a tiren masu tallar magani. A da can idan mace ta tsaya gaban mai tire tana magana ƙasa-ƙasa, galibi maganin ƙiba take nema, irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Har gobe ana sayar da shi, sai dai yanzu kishiyarsa tana gefensa a tire ɗaya: ƙwayoyi da shayi da kofi waɗanda ake cewa suna kashe yunwa, suna narka tumbi, a cikin kwalaye masu hoton mace ta ɗaura tef ɗin tela a ƙugu. Masu hannu da shuni kuwa sun wuce nan, allura suke sa a kawo masu daga Duwala ko Legas ko Dubai, mai siffar biro, wadda ake yi sau ɗaya a mako.

Wannan jarida ba ta ganin laifin wanda ke neman rage nauyin jikinsa. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Lamarin ya fi yawa a manyan birane da kudancin ƙasa, amma duk wanda ya san zaman shago daga hantsi zuwa magariba, da shayi mai suga kofi bayan kofi, da lemon kwalba, da hawa babur ko da tafiyar ba ta wuce ta zuwa masallaci ba, ya san cewa 'yan kasuwar arewa ma abin ya iso ƙofarsu. Ƙiba tana tafe da ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa, kuma waɗannan ba cututtukan wasa ba ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da mai tire ba ya amsawa, kuma sau da yawa mai saye ba ya yi: idan an sha maganin an rame, ranar da aka daina sha fa?

Amsar tana hannun likitoci tun da daɗewa, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Nauyin yana dawowa. Tun a 1992 wani likita a Jami'ar Rochester ta Amurka mai suna Michael Weintraub ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan mutum 121 da ya haɗa masu magunguna biyu na danne yunwa, wato fenfluramine da phentermine. Mutanen sun rame sosai muddin suna sha, to amma da aka janye maganin aka ci gaba da auna su, sai ga shi a ƙarshen shekara huɗu nauyinsu ya koma kusan inda aka fara. Jama'a suka riƙe rabin farko na labarin suka yi watsi da rabi na biyu, har ta kai a 1996 kaɗai likitocin Amurka sun rubuta takardar wannan haɗin kimanin sau miliyan 18.

Mai karatu na iya cewa ai wancan tsohon yayi ne, allurar zamani daban take. To ga abin da aka gani game da ita. Sinadarin semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don masu ciwon suga da kuma Wegovy don rage ƙiba, an gwada shi a kan mutum 1,961 har tsawon mako 68. Daga nan aka tsayar da allurar, aka kuma tsayar da shawarwarin abinci da ake ba su, aka ci gaba da bin mutum 327 daga cikinsu har shekara guda. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa waɗanda suka yi allurar sun zubar da kashi 17 cikin 100 na nauyinsu, sannan cikin shekara ɗaya da dainawa kashi biyu cikin uku na abin da ya tafi ya dawo. A lissafin kasuwa, mutumin da ya kai nauyin buhun masara mai kilo 100 ya sauko zuwa kilo 83, bayan shekara ya koma kilo 94, kuma a lokacin da aka rufe binciken nauyin bai gama hawa ba. Hawan jini da sugan jini da suka sauka su ma suka kama hanyar komawa inda suke. Haka aka gani da ɗaya allurar, tirzepatide, a binciken da aka buga a Disamban 2023: mutum 670 sun zubar da kimanin kashi 21 cikin 100 a mako 36, aka raba su gida biyu, waɗanda aka ci gaba da yi wa allurar suka ƙara ramewa, waɗanda aka mayar kan allurar da ba magani a cikinta kuwa suka ƙara kashi 14 cikin 100 a shekara guda.

A nan ne muke son mu ɗan tsaya, domin kuwa a nan ake zaluntar mutane da baki. Idan Hajiya ta daina shan magani jikinta ya dawo, sai a ce ba ta da haƙuri, ko kwaɗayi ya yi mata yawa, ita ma sai ta yarda laifinta ne ta koma wajen mai tire ta sayi wanda ya fi ƙarfi. Alhali kuwa jikin ɗan Adam haka aka gina shi. Jiki bai san bambanci tsakanin mai rage ƙiba da wanda fari ya ci gonarsa ba. Da zarar kitse ya ragu sai ya ɗauka yunwa ce ta shigo gari, sai ya shiga tattali kamar magidancin da ya ga rumbu ya yi ƙasa tun kafin damina. Akwai wani sinadari da ciki ke fitarwa mai suna girelin, shi ke kiran yunwa, sai ya ƙaru. Akwai wani da kitse ke fitarwa mai suna leftin, shi ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, sai ya ragu. A 2011 wasu likitoci a birnin Melbourne na Ostireliya sun sa mutum 50 a kan ƙaramin abinci na mako goma, suka zubar da kimanin kilo 13 kowannensu, da aka sake auna jininsu bayan shekara guda sai aka tarar sinadaran nan ba su koma daidai ba, mutanen sun fi jin yunwa fiye da kafin su fara. Bugu da ƙari jikin da ya rame yana rage yawan abin da yake ƙonawa ko da mutum na zaune, ma'ana tuwon da a da yake ci bai ƙara masa komai ba, yanzu shi ne zai zama ajiya.

Maganin danne yunwa bai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da yake yi shi ne ya toshe kiran yunwar muddin yana cikin jini. Ranar da ya fita, kiran yana nan yana jira, har ya fi na da ƙarfi. Duk wanda ya yi azumin watan Ramadan ya ga ƙaramin misalin haka, wando ya yi sako-sako ranar Salla, kafin Babbar Salla ya koma ya matse. Akwai kuma wani abu da ma'auni ba ya nunawa, wato cikin abin da mutum ke zubarwa ba kitse kaɗai ba ne, har da tsokar jiki, wadda kuwa ba ta dawowa da sauƙi ga wanda ba ya motsa jiki, balle wanda shekaru suka fara ja.

To idan haka ne, sai mutum ya ce bari in yi ta sha har abada. Nan ne tarkon yake, domin tsofaffin magungunan danne yunwa ba a yi su don doguwar tafiya ba. Yawancinsu dangin amfetamin ne, suna tayar da bugun zuciya, su hana barci, su ɗaga jini. Phentermine, wanda Amurka ta amince da shi tun 1959, izinin da aka ba shi na 'yan makonni ne. Wani mai suna amfepramone an ƙayyade kada a wuce wata uku ana shansa, amma a 2022 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a janye shi gaba ɗaya, saboda ta gano mutane suna zarce wa'adin duk da gargaɗin da aka yi ta yi. Dalilin zarcewar a fili yake: wanda ya daina ya ga jikinsa na dawowa, zai koma. Idan a Turai, inda irin wannan ƙwaya sai da takardar likita, an kasa tsare wata uku, ina ga kasuwar da ake sayar da magani a ƙirge kamar goro?

Tarihin waɗannan magunguna tarihin janyewa ne ɗaya bayan ɗaya. Haɗin da muka ambata a sama ya zo ƙarshe a Satumban 1997, bayan likitocin asibitin Mayo sun ba da rahoton mata 24 da 'yan ƙyamaren cikin zuciyarsu suka lalace, wato waɗannan ƙofofi da ke buɗewa su rufe don jini ya bi hanya ɗaya. Acomplia ya shigo Turai a 2006, aka dakatar da shi a 2008 saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. Sibutramine, wanda aka sani da Reductil ko Sibutral, an janye shi a Turai da Amurka a 2010 bayan gwaji a kan mutum kimanin 10,000 ya nuna yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu rauni a zuciya. Belviq ya bi sahu a 2020 saboda fargabar ciwon daji.

Amma wanda ya fi cancanta mu yi nazari a kai, mu da farmasinmu ke cike da magungunan Faransa kuma muka saba ɗaukar duk abin da ya fito daga can a matsayin mai kyau, shi ne Mediator. Kamfanin Servier ya fito da shi a 1976 a matsayin maganin taimaka wa masu ciwon suga da masu kitse a jini. Sinadarinsa, benfluorex, ɗan'uwan fenfluramine ne na jini, a cikin jiki duka biyun suna rikiɗewa su zama abu guda mai cin ƙyamaren zuciya da jijiyoyin huhu. Da aka janye 'yan'uwansa a 1997, shi sai ya tsira saboda a takarda sunansa maganin suga ne, likitoci kuwa suka ci gaba da rubuta shi ga mata masu son ramewa, wasu shekara da shekaru suna sha. An daina sayar da shi a Sifen a 2003, a Italiya a 2004, amma a Faransa sai da ya kai ƙarshen Nuwamban 2009, bayan wata likitar huhu a birnin Brest, Irène Frachon, ta tattara takardun marasa lafiyarta ta tsaya kai da fata. Kimanin mutum miliyan biyar ne suka sha shi a Faransa. Ƙiyasin waɗanda ya kashe ya fara daga 500, masana da kotu ta naɗa kuma suka ce a ƙarshe adadin na iya kai 1,500 zuwa 2,100. A Maris na 2021 kotun Faris ta sami kamfanin da laifin yaudara da kisa ba da gangan ba, ta ci hukumar magunguna ta ƙasar ita ma tara saboda sakaci. A Disamban 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara nauyin hukuncin, ta umarci kamfanin ya mayar wa asusun inshorar lafiya fiye da Yuro miliyan 415, wato sama da sefa biliyan 270.

Abin lura a nan shi ne, wannan ya faru ne a ƙasar da ke da likitoci da na'urar duba zuciya a kowane gari, da kotu, da 'yan jarida masu bin diddigi, amma duk da haka sai da aka shekara 33 kafin a tsayar da shi. Matar da ta sha irin wannan a Gashiga ko Mora, ta fara haki idan ta hau tudu, ƙafafunta suka kumbura, wa zai haɗa ciwon nata da ƙwayar da ta sha shekara uku da suka wuce? Sai a ce iska ce, ko sammu, ko kuwa kwana ya ƙare.

Kada wani ya ce ai waɗannan an janye su, magana ta wuce. Janyewa daga farmasi ba ta hana masana'antun ɓoye aiki. Hukumomin magunguna na Amurka da Faransa da wasu ƙasashe sun sha fitar da sanarwa cewa sun gwada shayi da kofi da ƙwayoyin rage ƙiba da aka rubuta wa “na ganye zalla”, suka tarar da sibutramine a ciki ba tare da an ambata a kwali ba. Wasu kuma maganin sa fitsari ne ko na gudawa a ciki. Waɗannan ruwa suke zubarwa, mutum ya hau ma'auni ya ga kilo biyu sun tafi ya yi murna, ya sha ruwa kwana biyu su dawo. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu, matse ruwan jiki da gangan wasa ne da ƙoda. Mu a Kamaru ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da kwalba mai kyan gani ke iya ɓoyewa. A 2023 yara sun mutu a Fundong ta yankin Arewa maso Yamma bayan shan maganin tari mai suna Naturcold, kuma sanarwar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yulin shekarar ta ce an sami guba mai suna diethylene glycol har kashi 28.6 cikin 100 a ciki, alhali abin da aka yarda da shi bai wuce kashi 0.1 ba.

Game da sababbin alluran kuwa, adalci ya sa mu faɗi cewa ba ajinsu ɗaya da waɗancan ba. Suna aiki ne ta hanyar kwaikwayon wani sinadari da hanji ke fitarwa bayan cin abinci, kuma wani babban gwaji a kan mutum 17,604 da aka buga a 2023 ya nuna semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100 ga masu ƙiba da ke da ciwon zuciya. A Disamban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya amfani da su wajen maganin ƙiba ga manya, bisa sharaɗi, kuma a matsayin magani na dogon lokaci. Wannan kalma ta dogon lokaci ita ce ya kamata ɗan kasuwa ya ja wa layi. Ma'anarta ita ce allurar kamar maganin hawan jini take, wanda ya fara ya shirya ci gaba. To nawa ne kuɗin? Lokacin da Wegovy ya shiga kasuwar Faransa a Oktoban 2024, kuɗin wata guda ya kama daga Yuro 270 zuwa 330, wato tsakanin sefa dubu 177 da dubu 216. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Kamaru a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni sefa dubu 60 ne. Wanda ya sayi biro biyu ko uku don bikin 'yarsa ko don ya burge amarya, ya sani ya yi hayar rama ce ta 'yan watanni, kuma mai kaya zai zo ya karɓi abinsa.

Sannan ga maganar ajiya, wadda kowane mai sayar da kifin Lagdo ya fi mu saninta. Allurar nan kafin a buɗe ta dole ta zauna a sanyi tsakanin digiri 2 da 8, bayan an buɗe ma ba a son ta wuce digiri 30. Biron da ya kwana uku a jakar matafiyi, ya bi motar haya daga Ngaundere zuwa Garwa da rana tsaka, ya sauka a firijin da wuta ke ɗaukewa rabin yini, ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ya rage a cikinsa. Ga kuma jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na jabu da aka kama a Brazil da Ingila da Amurka, kuma a Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi wa kansu allura da biron jabu da ake zargin insulin aka ɗura a ciki. Insulin ga wanda ba ya buƙatarsa na iya kayar da suga mutum ya suma, idan ba a kai shi asibiti da wuri ba a rasa shi.

Yanzu bari mu juyo kan 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, domin wannan shafi naku ne kuma ba za mu ɓoye maku ba. Kayan nan ba da ƙafarsu suke tsallako iyaka ba. A cikin dilar atamfa da katan ɗin sabulu da man shafawa suke shigowa, kuma da yawa daga masu ɗauko su ba mugaye ba ne, sun ga haja ce mai tafiya, ba ta da nauyi, ribarta ta fi ta shinkafa. Amma akwai bambanci tsakanin mai sayar da takalmi da mai sayar da abin da za a haɗiya. Idan takalmi ya matse a dawo maka da shi, ƙwayar da ta taɓa zuciya kuwa ba a mayarwa. Kuma mai sayenta ba baƙo ba ne, matar maƙwabcinka ce, ko 'yar abokin cinikinka da ake shirin kai wa ɗaki. Doka ma ba ta yi shiru ba: sashe na 258-1 na kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara uku da tarar sefa miliyan ɗaya zuwa miliyan uku ga wanda ya sayar da magani ba da izini ba, ko ya sayar da na jabu ko wanda ya lalace. A ɗaya gefen iyakar ma iska ta juya, domin a Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani na kasuwar Sabon Gari ta Kano aka ce su koma cibiyar Dangwauro, a Fabrairun 2025 kuma hukumar NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota a Legas na wani lokaci. Sanin kowa ne idan aka matsa wa irin wannan kaya a can, hanyar iyaka yake nema. Muna ganin shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa suna da ikon da jami'in duwan ba shi da shi, domin su suka san wa ya kawo me, kuma maganarsu ake ji.

Akwai kuma magidanta, waɗanda rabin wannan ciniki daga bakinsu yake tasowa. Jiya an ce wa mace ta rame kamar ba a ba ta abinci, ta je ta sha sha-ka-fashe, wanda sau da yawa dexamethasone ne ko cyproheptadine, na farkon kuwa yana kumbura fuska ya jawo suga da hawan jini ya raunana ƙashi. Yau kuma an ce ta cika ɗaki, ana yi mata barazanar kishiya, ta koma wajen mai tiren nan dai ta sayi na ramewa. Jiki ɗaya ake ja gaba a ja baya da ƙwayoyi, mai tire na cin riba sau biyu. Wanda ya ga nauyin iyalinsa na neman zama ciwo, abin da ya kamace shi shi ne ya kai ta a auna jini da suga, ya kuma duba abin da shi kansa yake kawowa cefane.

Ga wanda ya riga ya fara sha, shawararmu ita ce ya ɗauki kwalin da ragowar ƙwayoyin ya kai wa likita ko mai farmasi na gaskiya, a babban asibitin Garwa ko na Marwa ko asibitin da ya fi kusa, ya faɗi tsawon lokacin da ya yi yana sha ba tare da jin kunya ba. Wanda ke jin haki, ko faɗuwar gaba, ko kumburin ƙafa, ko rashin barci, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce. Mai shan sha-ka-fashe na tsawon watanni kuwa kada ya yanke shi dare ɗaya, domin dexamethasone a hankali ake sauka daga kansa a ƙarƙashin kulawar likita. Mai ciki da mai shayarwa ba ruwansu da maganin rage ƙiba kowane iri ne. Idan kuma likita ne da kansa ya rubuta, haƙƙin majiyyaci ne ya tambaye shi har yaushe zai sha, nawa zai ci masa a shekara, kuma wane shiri aka yi wa ranar dainawa. Likitan da ya rubuta irin wannan magani bai yi wannan bayani ba, bai gama aikinsa ba.

Mun san za a ce to mene ne mafita, tunda rage abinci ma nauyin na dawowa. Gaskiya ne yana dawowa ga mutane da yawa, amma ba sai mutum ya koma kamar sandar rake ba kafin ya amfana. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon suga, aka buga a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 100, kilo bakwai ke nan, da tafiyar rabin sa'a kwana biyar a mako. Daga gida zuwa shago da sanyin safiya ya isa, idan aka bar babur ya huta, aka rage cokalin suga a shayi, aka mayar da lemon kwalba na baƙi. Ba ya ba da hoton da ke jikin kwali, amma ba ya cin jari kuma ba ya cin zuciya.

Daga ƙarshe muna jan hankalin Ma'aikatar Lafiya da sashenta mai kula da magunguna da farmasi, da ɗakin gwajin magunguna na ƙasa LANACOME, da ƙungiyar masu farmasi, kan abin da ke tafe. Shekarar 2026 ita ce shekarar ƙarewar haƙƙin mallakar semaglutide a Indiya da Sin da Brazil, wanda ke nufin kamfanoni da yawa na da damar yin nasu da araha. Wannan alheri ne ga masu ciwon suga idan kayan suka bi ta farmasi da firiji da takardar likita. Amma mu da muka ga yadda tramol ya shigo yankin nan daga ƙwayar asibiti ya zama abin da 'yan acaba ke jefawa a shayi, mun san ɗaya hanyar da kayan Indiya ke bi. Ƙone tulin magungunan titi a gaban kyamara sau ɗaya a shekara bai wadatar ba. Muna so a riƙa ɗibar samfurin shayi da ƙwayoyin rage ƙiba daga kasuwannin Marwa da Garwa da Kuseri ana gwadawa, a fitar da sunayen waɗanda aka samu da guba, a kuma fitar da jerin alluran da aka yi wa rajista da farmasin da aka yarda su sayar. Sanarwar kada ta tsaya a Faransanci a allon ofis a Yawunde. A karanta ta da Hausa da Fulatanci da Larabcin Shuwa a gidajen rediyo, a kuma liƙa ta a ƙofar kowace kasuwar iyaka inda masu ɗauko kaya za su gani kafin su tsallaka.